Hular Gashin Tsuntsu a Kan Mai Takaba

Zuwa ga Shugaba da Membobin Kwamitin Shirya Bikin Raye-rayen Titi na Latin Amurka da Karibiyan, Dubai.

Ranku ya daɗe,

Ina gaishe ku gaisuwar mutunci, ina kuma yi muku sannu da ɗawainiyar bikin bana, wanda na ga har an fara kafa turakun fitilunsa a layinmu. Da fatan ku da iyalanku kuna lafiya, kuma kowane ɗayanku 'ya'yansa na kwana a gabansa.

Ba ku san sunana ba, amma fuskata kun san ta fiye da yadda maƙwabtana suka san ta. Ni ce matar nan mai hijabi ruwan toka da ke tsakiyar fostar bikinku, wadda aka ɗora wa hular gashin tsuntsu ja da rawaya, ƙyalli ya baɗe mata kumatu, bakinta a buɗe tana dariya. A ƙasan hoton kun rubuta da Turanci da Larabci cewa kowa ɗan gidanku ne. Sunana Sa'adatu, Bakanuwa ce ni, ina aiki a wani kantin magani a Deira. Ranar da kuka ɗauki hoton nan ina cikin takaba.

Na san dole sai an fassara muku wasiƙar nan, kuma abokiyar aikina ta yi alkawarin za ta yi. Da gangan na rubuta da Hausa. Na rubuto muku da Turanci a ɓoye har na gaji, ban samu komai ba sai godiya da fatan alheri. Mutanen da suka yanke mini hukunci a kan hotonku kuwa Hausa suke ji, kuma ina so su karanta wannan tare da ku.

Bari in fara gaya muku mece ce takaba, tunda ba na zaton akwai wanda ya taɓa jin kalmar a ofishinku. A addininmu, idan mijin mace ya rasu, takan zauna wata huɗu da kwana goma a gidan da ya bar ta. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba ɗan kunne, ba tufa mai ɗaukar ido. Ba ta fita sai da larura. A garinmu kuma idon kowa a kanta yake, musamman idon dangin miji, domin da wannan zaman ake auna ko mamacin yana da daraja a wurinta.

Mijina, Abban Ummi, ma'aikaci ne a wani kamfanin dakon kaya a Jebel Ali. Ya fita aiki lafiya ƙalau, ya yanke jiki ya faɗi a bakin sito, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. A nan aka yi masa sutura. Wansa, Yaya Auwalu, ya zo daga Kano karɓar gaisuwa, da zai koma ya roƙe ni in ba shi 'yarmu ta je ta ɗebe wa Hajiya kewa. Hajiya ita ce mahaifiyarsu, kuma sunanta yarinyar ta ci, shi ya sa muke kiran ta Ummi. Shekarunta shida a lokacin. Aka yi magana a gaban shaidu cewa ina fita takaba za a dawo mini da ita. Na haɗa mata kaya da hannuna, na miƙa wa Yaya Auwalu fasfonta, ban kawo komai a raina ba. Dangin mijina sun so in bi Yaya Auwalu in yi takabar a Kano, na ce a gidan nan ya bar ni, a nan zan yi, ga kuma aikin da shi ne zai ciyar da marainiyar. Ba su ji daɗi ba, amma sun ƙyale ni.

Kwanakin makokin da aka ba ni a wurin aiki ba su taka kara sun karya ba. Na tambayi malami, ya ce fita neman abinci larura ce, in je in dawo, kada in tsaya ko'ina. Haka nake yi. Daga gida sai bas, daga bas sai kanti, in dawo in rufe ƙofa. Madubin ɗakina ma juya shi na yi yana kallon bango.

Yanzu ga ƙorafina, kuma zan kawo shi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: ban shiga bikinku ba, bikinku ne ya shigo layinmu.

Ranar nan na taso daga aiki da la'asar, bas ya sauke mu nesa da inda ya saba, direba ya ce an rufe hanya. Na gangaro a ƙafa na tarar an datse layinmu da shingen ƙarfe ta kowane ɓangare. Na nuna wa mai gadin shingen katin gininmu, ya ce babu wata hanya, sai dai in ratsa ta cikin jerin gwanon, yana ce mini yalla yalla, wato in yi sauri. Na tambaye shi ko zan iya jira a wuce, ya ce ai yanzu aka fara. Mace mai takaba ba ta tsayuwa a bakin titi har magariba tana kallon masu rawa. Na ja hijabina, na sunkuyar da kai, na kutsa.

Da na kai ƙara, ma'aikaciyarku ta amsa mini cewa akwai allo a kowace ƙofar shiga, an rubuta cewa duk wanda ya shigo ya amince a ɗauki hotonsa. Ranku ya daɗe, ni ƙofar da na nufa ita ce ƙofar gidana. Allon da ke jikinta lambar gini ce da sanarwar ranar feshin maganin kyankyasai. A ƙasar da kowa ya sani ba a ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba, ƙasar da muke gargaɗin baƙinmu 'yan kasuwa su kiyayi ɗaga waya a cikin jirgin ƙasa na metro, ku kun samo dabarar da za ta mai da hanyar gidan mutum takardar amincewa. Wannan basira taku ta burge ni ƙwarai.

Na biyu: hular nan ba tawa ba ce, ba kuma ni na ɗora ta ba.

Ina tsakiyar titi wata daga cikin masu rawa ta tsinko ni da ido. Ta ga mace ita kaɗai cikin tufa mara launi, kai a ƙasa, a cikin wannan uban ado, sai tausayi ya kama ta. Ta cire hularta ta kifa mini a kan hijabi, ta watsa mini garin ƙyalli daga tafin hannunta. A al'adarsu wannan karamci ne, haka suke jawo baƙo cikin murna. Daga baya na nemo ta. Sunanta Marisol, 'yar Kolombiya ce, tana gyaran ɗakuna a wani otal. Da na yi mata bayanin abin da ya biyo baya ta riƙe hannuna ta yi ta kuka, ta ce ita ma ta bar ɗa a wurin uwarta a can ƙasarsu. A duk cikin masu hannu a wannan lamari, ita ce mafi ƙarancin laifi, kuma ita kaɗai ce ta ba ni haƙuri. Har cewa ta yi za ta ɗauki bidiyo ta yi wa surukata bayani. Na gode mata, na ce ta bari. Na san abin da za a ce a Kano idan shaidata ta zama mai rawar titi.

Don haka kada wani ya karanta wasiƙar nan ya ce ina yaƙi da masu bikin. Ma'aikata ne irina, masu wanke-wanke a otal da masu jinya da direbobi, waɗanda suke jiran rana ɗaya a shekara su ji kiɗan garinsu su manta da nisan gida. Na san wannan ƙishin, mu ma muna da shi ranar Sallah. Da ku nake, masu ofis da kyamara da injin buga fosta.

Ƙyallin nan kuma, ban san da me kuke haɗa shi ba. Na wanke fuska da sabulu har fata ta yi zafi, na yar da hijabin, amma kwana da kwanaki ina tsintar sa a kan dardumar salla, a bakin kofi, a cikin girata. Mace mai takaba tana ɗaura alwala tana ƙyalli.

Na uku: dariyar.

Ita kam tawa ce, kuma ba zan yi ƙarya in ce tsoro ne ko firgita ba. Shekarar da ta gabaci wannan, mu uku muka tsaya a barandarmu muka kalli bikinku daga sama. Akwai wata ganga ta ƙarfe da ake ƙerawa da gindin duro, mai zaƙin sauti. Abban Ummi ya haukace a kanta. Ya shiga kicin ya ɗauko tukunyar tuwona da cokula biyu ya ce shi ma ya iya. Mutum ne mai kamewa a waje, ko a ɗaurin aure ba ya ɗaga murya, amma ranar nan ya bubbuga tukunyar har ta lotsa, Ummi tana tsalle a kan kujera. Har yau tukunyar na nan, murfinta ba ya zama daidai.

To, daidai lokacin da hular ta sauka a kaina, masu gangar ƙarfen suka iso gefena da wannan kiɗan dai. Sai na gan shi tsaye a kicin da cokula. Dariya ta kuɓuce mini kafin in kama ta. Ko numfashi biyu ba ta yi ba. Na fizge hular na miƙa wa mai ita, na ruga cikin gini, kuma a cikin lifta na yi kukan da ban yi irinsa ba ko ranar jana'iza. Na tambayi malamai daga baya, babu wanda ya ce mini an haramta wa mai takaba dariya. Dariya ɗaya na yi a cikin wata huɗu da kwana goma, kuma shi na yi wa. Ita kuka ɗauka kuka sayar da lemo da tikiti da ita.

Na huɗu: abin da hotonku ya jawo.

Ba a yi mako ba kuka sa shi a shafukanku. Wani ɗan kasuwa da ya zo sarin yadi a Bur Dubai, maƙwabcin su Hajiya a Kano, ya gan shi, ya tura gida da kalmar innalillahi a ƙasa. Kafin in san ma akwai hoton, ya zaga dangin mijina, ya zaga nawa, ya shiga zauren matan unguwa. Babu wanda ya ga shingen ƙarfe a cikinsa, babu wanda ya ga mai gadi. An ga matar marigayi, kabarinsa bai bushe ba, da gashin tsuntsu a ka, tsakanin mata masu rabin tufa, tana washe baki. Rubutun da kuka yi a ƙasa shi ya ƙarasa ni. Tunda kun ce ni 'yar gidanku ce, aka ce ashe ƙungiya gare ni, ashe sana'a ce, ashe biya na ake yi, ashe dalilin da ya sa na ƙi zuwa Kano takaba ke nan.

Da na fita takaba na kira Yaya Auwalu a kan maganar dawowar Ummi, ya ce a dakata tukuna. Na ɗauki hutu na tafi Kano. Na durƙusa a gaban Hajiya na gaishe ta, ta amsa a gajarce. Matar nan da ke kira na 'yata, wadda take aiko mini da daddawa da kuka duk wanda zai zo Dubai, ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka miƙo mata waya, ta buɗe hoton, ta ajiye a kan tabarma tsakanina da ita, ta kawar da kai tana share hawaye da gefen mayafi. Na yi bayani tun daga bas har lifta. Da na gama ta ce ita dai ɗanta ta sani, kuma bai cancanci haka ba. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ban ga laifin Hajiya sosai ba. Uwa ce da aka binne ɗanta a ƙasar da ba ta taɓa takawa ba, kuma abu na farko da ya zo mata daga wannan ƙasar bayan labarin mutuwarsa shi ne hotonku. An bar ni na ga Ummi a falo, da mutane a zaune. Ban kwana da ita ba. Na dawo ni kaɗai. Ummi ta daɗe a Kano har izinin zamanta a nan ya mutu, makarantarta ta ba wata yarinya gurbinta, gadonta na nan da 'yar tsanarta a kai yadda ta bar shi. Masu ba ni shawarar kotu suna da yawa. Wataƙila in yi nasara, amma sai na tsaya a gaban alƙali na yi shari'a da uwar mijina a kan jikarta mai sunanta, a ɗaga hoton nan a nuna wa kowa. Ina ƙoƙarin kada a kai ga haka.

Yaya Auwalu ya ba ni ƙofa ɗaya. Ya ce idan masu bikin da kansu suka fito suka ce ba na cikinsu, kuma aka ga shaidar cewa ɗora mini aka yi, zai shawo kan Hajiya. Mutum ne mai tauri amma ba ya saɓa magana. Abin da ya kawo ni ƙofarku ke nan.

Na biyar: yadda kuka karɓe ni.

Na rubuto, aka amsa mini cewa ana murna da na ji daɗin bikin. Na sake rubutowa, aka ce maganar tana wurin sashen talla. Sashen talla ya ce hotunan mallakar kamfanin da aka ɗauka haya ne. Kamfanin ya ce ya miƙa muku komai, ba shi da ikon ba kowa. Na zo ofishinku da ƙafata, aka ba ni gahawa da dabino, wani matashi mai fara'a ya yi ta kira na habibti, wai masoyiyata da Larabci, ya ce hotona ne aka fi so a duk na bara, ya kamata in yi alfahari. Da na ambaci rasuwar mijina ya dafa ƙirji ya ce wannan ma ya ƙara wa hoton ma'ana, ko zan yarda su ba da labarina a shafinsu. A ƙarshe ya miƙo mini tikitin manyan baƙi guda biyu, ya ce in zo da wanda nake so. Na kalli tikiti biyun nan. Na ajiye su a kan teburinsa na fito.

Bayan duk wannan, makon jiya na fito zan tafi aiki, sai ga ni a jikin gilashin tashar bas ɗin layinmu, na fi tsayina. Wato ba ku cire ba, girma ma kuka ƙara masa. Kullum da safe yanzu ina zama a ƙarƙashin dariyata ina jiran mota, na ja niƙabin da ban taɓa sawa ba sai bana. Kuma lokacin zuwan 'yan kasuwarmu ne, kowanne da waya a hannu.

Ga abin da nake roƙo, kuma babu kuɗi a ciki, kada a sake aiko mini da mai tambayar nawa nake so.

Ku sauke hoton daga tashoshin bas da shafukanku kafin ranar bikin.

Ku rubuta a takarda mai tambarinku, da sa hannun Shugaba, cewa ni ba 'yar ƙungiyarku ba ce, ba ku biya ni ba, ba ku nemi izinina ba, hanyar gidana kawai nake bi. Layi uku ya isa, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Ku buɗe wa mazauna layin hanyar da za su shiga gidajensu ba tare da sun ratsa rawa ba, ku kuma gaya wa masu ɗaukar hotonku cewa mai tafiya da kai a ƙasa yana da dalilinsa.

Na ƙarshe shi ne mafi girma a wurina. Marisol ta gaya mini, kuma ni ma na ji ƙarar da kunnena, cewa mai kyamarar ba hoto ɗaya ya ɗauka ba, a jere ya yi ta ɗauka. Wato akwai wanda ya zo kafin wannan, ina tafe kaina a sunkuye, hannunta na sauko da hular. Akwai kuma wanda ya biyo baya, hannuna a kan hular ina fizge ta, fuskata ta riga ta rushe. Kun duba su duka kuka zaɓi na tsakiya, domin shi ne mai sayuwa. Sauran ba su da amfani a wurinku. Ku ba ni su. Da su zan je in ɗauko 'yata.

Ranar Juma'ar da ta wuce an ba ni Ummi a waya. Ashe ta ga hoton, wata yarinya ce ta nuna mata a Islamiyya. Na riƙe numfashi ina jiran abin da aka koya mata ta faɗa. Sai ta rage murya ta ce na yi kyau, ta ce rabon da ta ga ina dariya tun ranar da Abba ya buga tukunya, ta ce idan zan zo in taho mata da hular. Ban samu na amsa ba, na ji an karɓe wayar an kashe. Tun ranar ban sake samun ta ba.

Ina roƙon Allah ya sa bikinku na bana ya tashi lafiya, masu rawa su koma masaukinsu ba wanda ya ji ciwo, Marisol ta ji kiɗan garinsu ta yi farin ciki. Allah ya raya muku 'ya'yanku a gabanku, kada ya nuna muku ranar da za ku nemi izini kafin ku ji muryarsu. Idan kuma ya jarrabci ɗayanku da rashi, dariya ta kuɓuce masa a tsakiyar baƙin ciki, Allah ya sa babu mai kyamara a kusa.

Ina jiran hoton da ya biyo baya.

Wassalam.

Sa'adatu, Maman Ummi,
Dubai.